Zuwa ga 'yan uwa mazauna waje: maganar ambaliya da ƙuri'ar mutanen gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Makka, Madina da Jidda, da na Masar, Gana, Ingila da Amurka, shugabannin ƙungiya suna gaishe ku da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Gida lafiya lau. Jama'a sun koma fadama, ana ta ban ruwan alkama da albasa, waɗanda gidajensu suka rushe kuma wasu sun tayar da katanga, wasu har yanzu suna raɓe a gidajen dangi.

Tun da aka bayyana cewa ciyaman ya koma kujerarsa, kuma akwatunan garinmu na cikin waɗanda suka ba shi ƙuri'a, zaurenmu na WhatsApp bai huta ba. Wasu sun ce mutanen gida sun sayar da 'ya'yansu a kan taliya da sabulu. Wasu sun ce daga yau sun daina ba da gudummawa. Mun ga ya kamata mu amsa, domin waɗanda ake zagi iyayenmu ne, kuma muryoyin da kuke turawa suna isa kunnuwansu.

Ɓacin ranku yana da tushe. Kowace shekara, tun kafin ruwan farko, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina, hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, kuma ta lissafa wuraren da ake fargabar ambaliya, kuma ƙasar Haɗeja ba baƙuwa ba ce a wannan lissafi. Dattawa sun kai kuka a kan jingar gabas da ta zaizaye, ba a taɓa ta ba. Da ruwa ya shigo, mata da yara sun yi makonni a azuzuwan firamare, ga sauro ga amai da gudawa. Kayan tallafi sun zo a makare, jerin sunayen kuma kowa ya ga hannun siyasa a ciki. Babu wanda ya manta da wannan a gida. Wanda ya kwana a kan benci da jariri a hannu ya fi mu saninsa.

To me ya sa suka sake zaɓensa? Mun zauna da mutane a majalisa, a bakin masallaci da cikin gidaje, mun saurara.

Manomin bakin kogi ya san ruwan nan ba daga ofishin ciyaman yake fitowa ba. Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake gangarowa, inda dam ɗin Tiga yake tun 1974, na Challawa kuma tun 1992, dukansu a hannun hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya. Ga ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasa, ruwan ya rasa mafita sai gonaki da gidaje. A 2022, lokacin da ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma ba ƙaramar hukuma ɗaya abin ya shafa ba. Saboda haka idan ka ce wa dattijo ciyaman ne ya jawo, sai ya tambaye ka ko makullin Tiga a aljihun ciyaman yake. Laifin da ke kansa na gaske, wato rashin gyaran jinga da rashin shiri, sai ya ɓace a cikin babban laifin da ba shi da mai shi guda ɗaya.

Sannan ciyaman ɗin ya zo da kansa. Wannan shi ne abin da mu na nesa muke rainawa, alhali a gida yana da nauyi ƙwarai. Ya shiga kwalekwale ya iso gari ruwa na tsaye, ya yi jaje gida-gida, ya tsaya a sahun jana'izar waɗanda gini ya faɗa wa, ya kira tsofaffi da sunayensu. Abokin takararsa, wanda da yawanku kuka fi so, kuma mu ma mun yarda ya fi tsari a magana, ba a ga ƙeyarsa ba sai da aka buga gangar siyasa. A wurinmu wanda ya zo maka ranar kuka ba a manta shi, ko da abin da ya kawo bai taka kara ya karya ba. Kuna iya cewa jaje ba ya tare ruwa, kuma gaskiya ne. Amma ku tuna yadda ku kanku kuke riƙe da sunan wanda ya kira ku ranar da aka yi muku rasuwa kuna ƙasar wasu.

Dalilin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne tsoron tashi. Bayan ruwa ya janye an yi ta raɗe-raɗin za a mayar da unguwannin gangare can kan tudu. Ɗan takarar adawa ya goyi bayan haka a fili. Ciyaman kuwa ya tsaya a ƙofar gidan dagaci ya ce muddin yana kan kujera babu wanda za a tasa. A takarda, tashi shi ne hankali. A ƙasa kuwa, fadamar nan ita ce shinkafar damina, ita ce noman rani, ita ce kifi, nan kuma maƙabartar kakanni take. Ba wanda ya faɗa wa mutane filin wa za a ba su a tudun, ko wa zai biya kuɗin gini, ko tafiyar awa nawa za su riƙa yi zuwa gona. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sun zaɓi ruwan da suka sani, wanda yake zuwa ya tafi, a kan alkawarin da ba su ga ƙarshensa ba.

'Yan uwanmu na Amurka za su tuna irin wannan. A watan Agustan 2005 guguwar Katrina ta fasa jingunan birnin New Orleans, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse, mutum fiye da dubu suka mutu. An soki magajin garin, Ray Nagin, kan jinkirin ba da umarnin kwashe jama'a da kuma motocin makaranta da aka bari ruwa ya cinye. Duk da haka a watan Mayun 2006 ya sake cin zaɓe, ya kayar da Mitch Landrieu. Cikin abin da ya taimake shi akwai tsoron da baƙaƙen fata, waɗanda da yawansu ke gudun hijira a Houston da wasu birane, suke yi cewa za a sake gina birnin ba tare da su ba, bayan an fito da wani tsari na mayar da wasu unguwannin kwari filayen shaƙatawa. Ga shi kuma laifin ya rabu tsakanin birni, jiha da gwamnatin tarayya. Waɗannan mutane ba taliya aka raba musu ba. Sai dai a 2014 kotu ta sami Nagin da laifin cin hanci ta ɗaure shi shekara 10. Ƙuri'ar jama'a ba ta wanke shi ba, kuma mu ma ba wanke namu muke yi ba.

Akwai kuma abin da mutane ba sa faɗa sai da murya ƙasa-ƙasa. Sakamako akwati-akwati ake ƙirga shi, don haka garin da ya juya baya an san shi. Jerin masu samun taki, iri da tallafi ta hannun kansila da ciyaman yake bi. Zaɓen ƙananan hukumomi kuwa hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, kuma a kusan kowace jiha jam'iyyar gwamna ce ke kwashe kujerun. Magidancin da rumbunsa ya tafi da ruwa ya duba ya ga mutumin nan zai koma ko da shi ko ba shi, sai ya ƙi sa garinsa a baƙin littafi. Wannan lissafi ne na mai rauni, kuma yana ƙona mana rai. Mu da abincinmu bai dogara da wannan jeri ba, bai dace mu kira shi jahilci ba.

Abin da ƙungiya ta yanke shi ne mu daina jiran ruwa ya ci gari sannan mu tara kuɗi. Gudummawar bana za ta tafi ga buhunan yashi, gyaran jingar gabas ta hanyar aikin gayya, da kwalekwale na gari wanda zai zauna a hannun mai unguwa. Duk tallafin da ya fito daga gare mu za a karanta sunayen masu karɓa a bainar jama'a a ƙofar gidan dagaci, da wakilan mata a wurin, ba ruwanmu da jam'iyyar kowa.

Za mu kuma rubuta wa ciyaman takarda cikin ladabi, mu taya shi murna, mu tambaye shi nawa aka ware wa jinga da magudanan ruwa a kasafin bana, da ranar da za a fara. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, amma kason kowace ƙaramar hukuma ana wallafa shi, kuma a cikinku akwai akantoci da lauyoyi da za su iya zaƙulo shi su fassara wa mutanen gida da Hausa. Tun da ya yi alkawarin ba za a tashi kowa ba, kare mutanen a inda suke ya zama wajibi a kansa, kuma a kan wannan alkawarin za mu riƙe shi.

Muna roƙon duk mai ilimin aikin ruwa ko gine-gine ya tuntuɓi sakatare a wannan makon. Masu ba da gudummawa kuma su daure su turo kafin ƙarshen Afrilu, domin da zarar ƙasa ta jiƙe mota ba ta iya kai yashi bakin jinga.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, ya dawo da ku gida lafiya.

Wassalam,
Shugabannin ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa.