Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Nazarin Kwamfuta Mai Kula da Kanta

'Yan'uwa mambobi, bayan gaisuwa, an gudanar da tarukan wata-wata kamar yadda aka saba.

Abin da ya wanke mana zuciya a bana shi ne bitar da muka yi a kan tururuwa. Mun faro ne daga kiran da Paul Horn na kamfanin IBM ya yi a 2001, cewa a gina kwamfutoci masu tafiyar da kansu, kamar yadda jijiyoyin jiki ke daidaita bugun zuciya ba tare da an umarce su ba. Daga nan muka shiga dabarar da masanin kwamfuta Marco Dorigo ya gabatar a 1992, ta kwaikwayon yadda tururuwa ke gano gajeriyar hanya: tururuwa na barin wani sinadari a duk inda suka bi, gajeriyar hanya takan tara shi da sauri saboda yawan kai-komo, na doguwar kuma ya gushe. Matasanmu suka jona kwamfutoci suka ɗora musu manhajar da suka rubuta bisa wannan dabara, ana tsaka da aika saƙonni aka zare waya ɗaya da gangan. Ɗakin ya yi tsit, idon kowa na kan allo, can sai ga saƙonnin sun kama wata hanya, alhali babu wanda ya taɓa komai. Tafin da aka yi ranar har yau yana kunnena.

Amma manhajar gano kutse, wadda muka ɗauko tsarinta daga aikin masaniyar kwamfuta Stephanie Forrest na 1994 kan yadda garkuwar jiki ke bambance nata da baƙo, ba ta kammala ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. Manhajar tana buƙatar ta daɗe tana lura da na'ura mai aiki dare da rana kafin ta san ɗabi'arta, in ba haka ba sai ta riƙa ɗaukar kowane saƙo a matsayin maƙiyi. Hayar irin wannan na'urar kuwa daga kuɗin shekara na mambobi ake biyanta, kuma aljihun ƙungiya ya ƙare tun ba a je ko'ina ba.

Na tura saƙonni, na buga waya ina tunatar da mambobi su biya, har na fara jin nauyin kaina. Abin takaicin shi ne, wasu da ba su biya ba, ba su kuma taɓa leƙo taro ba, su ne kan gaba wajen tambayar ina aka kwana. Duk wanda ake bi ya biya kafin taro mai zuwa, domin a ranar ne za a yanke ko za a ci gaba da aikin ko a jingine shi.