Ga masu zana jarumin gem ɗin faɗa: ku fara sanin inda haske yake

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da ƙannena masu koyon zanen ɗigo-ɗigo na gem, wato wasan bidiyo, musamman masu zana jarumin wasan faɗa. Zanukan da suke turo mini in duba kusan duk ciwonsu ɗaya ne: launi ya yi yawa, haske kuma ba a san daga ina ya fito ba.

Mai buga wasan faɗa ba shi da lokacin yaba zane. Hoto na sauyawa sau 60 a daƙiƙa ɗaya, idan ido bai gane hannu ne ya taso ko ƙafa ba, kafin ya ankara an kai shi ƙasa. Shi ya sa kafin in ɗiga launi ko ɗaya nakan cike jarumin da baƙi ƙirin, in ja kujera baya in dube shi. In dunƙulen hannu ya ɓace cikin ƙirji, ko cinyoyi sun haɗe wuri guda, to tsayuwar ce ta lalace, kuma inuwa ba za ta cece ta ba. Hannu da tafin ƙafa a ɗan ƙara musu girma, tunda da su ake duka.

Lokacin da kamfanin Capcom ya fitar da wasan faɗa na Street Fighter II a 1991, allon ɗigo 384 ne a kwance, 224 a tsaye, kuma kowane yanki na zanen launi 16 aka yarje masa, ɗaya ma na fili ne da ba ya nunawa. Haka iyakar launi take a injin wasan Neo Geo na kamfanin SNK da ya fito a 1990. Da wannan ɗan abin aka fitar da damtsen Ryu, jarumin Street Fighter, har yau ana kwaikwayo. Yau yaro ya buɗe manhajar zane ta Aseprite ya zuba wa fata kaɗai launi goma, sai jikin ya fito dishi-dishi. Uku ko huɗu sun wadatar.

Babban laifin shi ne a zagaye gefen kowace gaɓa da duhu a bar tsakiya da haske, sai jarumin ya kumbura kamar matashin kai. Ɗan'uwa, tsayar da fitilarka wuri ɗaya, daga sama ta ɗan gaba. Saman kafaɗa, goshi da ƙirji su sha haske. Ƙarƙashin haɓa, hammata da ƙafar da ke baya su shiga duhu. Kada kuma ka samo inuwa ta hanyar ƙara baƙi kawai. Karkata ta wajen shuɗi ko shunayya, hasken kuma wajen rawaya, nan take fatar za ta yi rai. Yayyafa ɗigo tsakanin launi biyu kuwa, a bar wa bango da sararin sama. A jikin da ke motsi ƙyalƙyali yake yi, ya gajiyar da ido, ga wahalar maimaita shi a kowane hoto.

Akwai abin da sababbi ba sa tunawa. Da jarumi ya tsallake abokin karawarsa, injin juya zanen yake yi kawai, dama ta koma hagu. Dalilin ke nan da ƙyallen da ya rufe ido ɗaya na Sagat, wani jarumin Street Fighter II, ke sauya ido a tsohon gem ɗin. Wanda ya kawo haske daga gefe sosai, ranarsa ma za ta riƙa tsalle tare da jarumin. Don haka ni kowane hoto na gama sai na juya shi, in ɗora shi kan bango mai duhu da mai haske, a ainihin girmansa ba a faɗaɗe ba, kafin in wuce na gaba.

Na gode.

Naka,
Wani mai zanen gem