Godiya Ga Ma'aikatan Ƙaramin Asibitin Unguwarmu A Pantami

Assalamu alaikum.

Na rubuto wannan wasiƙa a fili ne don mutanen Gombe su shaida abin da kuka yi wa mahaifinmu. Godiyar da na yi muku a bakin ƙofa ranar nan ba ta ishe ni ba.

Sau uku Baba yana yanke jiki ya faɗi cikin wata biyu, kuma kullum salo ɗaya. Da hantsi, yana zaune a rumfarsa a Tudun Hatsi, sai ya ce jiri yake ji, hannu ya kama rawa, zufa ta karyo masa har ta jiƙa riga, daga nan ido ya yi duhu. A gida kowa da abin da yake faɗa. Gwaggo ta ce iska ce, har aka fara turare. Wasu suka ce farfaɗiya. Ni kuwa na ɗora wa zafin rana, tunda a watan Afrilu ne.

Ranar faɗuwa ta uku muka ɗauko shi a Keke Napep, na shigo ina roƙon a saka masa ruwa. Malamar jinya da ta tarbe mu ta ce in yi haƙuri tukuna. Ta soki yatsarsa, ta ɗiga jinin a na'urar awon suga, sai ga 54. Ta nuna mini da hannunta, ta ce duk abin da ya gaza 70 to suga ya faɗi. Da yake ya farfaɗo har yana iya haɗiya, ta dama masa sukari cokali ɗaya babba a ruwa, bayan minti 15 ta sake awo. Ina kallo zufar ta tsaya, Baba ya fara tambayar wa ya bari a rumfa.

A nan ta ja mana kunne, kuma ta yi daidai: wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, domin yana iya bi ta hanyar numfashi. A kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi iska. Mu kuwa sau biyu muna ɗura masa ruwa. Allah ne Ya tsare.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zaman da likita ya yi da shi. Ya jawo kujera ya ce, "Baba, da me kuka karya yau?" Ashe shayi ne kawai, ba sukari. Baba yana da ciwon suga, yana shan ƙwayar glibenclamide bayan asuba, ya wuce kasuwa ciki ba komai, wai sai ciniki ya lafa. Likita ya ce wannan ƙwaya tana sa jiki ya saki insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, ko an ci ko ba a ci ba, shi ya sa sugan ke zubewa da hantsi.

Bai tsaya a nan ba. Ya auna jininsa yana kwance, ya sake aunawa yana tsaye, domin akwai waɗanda jininsu ke sauka idan sun miƙe, musamman masu shan maganin hawan jini ko waɗanda ruwan jikinsu ya ƙafe. Ya sa a duba ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro. Sannan ya rubuta mana takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya a yi awon bugun zuciya, ya ce suma a jikin dattijo, ko wadda ta zo da ciwon ƙirji ko faɗuwar gaba, ba a yi mata sakaci. Alhamdulillahi, zuciya lafiya lau.

Yanzu an gyara masa maganin. Ba ya fita sai ya karya, kuma akwai dabino a aljihunsa kullum. Tun daga ranar bai sake faɗuwa ba. Kun ce mu dawo da shi kafin azumi a sake duba lokacin shan ƙwayar, in sha Allahu ni da kaina zan kawo shi.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan mahaifanku.

Naku,
Ɗan majinyacinku, daga Pantami, Gombe.