Rahoton Ayyukan Shekara Daga Teburin Sakatare

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, sai waɗanda aka ɗage saboda mahalarta ba su kai adadin da tsarin mulkinmu ya tanada ba.

Abin da ya wanke mana zuciya bana shi ne taron wayar da kai da muka yi a cikin kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata, waɗanda ake farawa ranar 25 ga Nuwamba a rufe ranar 10 ga Disamba. Zauren ya cika maƙil, har sai da matasanmu suka yi ta aro benci daga waje. Lauyar da muka gayyata, Allah ya saka mata da alheri, ba ta karɓi ko sisi ba. Ta ɗauko dokar haramta cin zarafin bil'adama, wadda aka fi sani da VAPP, da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu na 2015, ta warware ta dalla-dalla. Ta bayyana cewa ta tarayya a Abuja kaɗai take aiki, hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, ce ke kula da ita, kowace jiha kuma sai majalisarta ta yi tata, shi ya sa hukunci kan bambanta daga jiha zuwa jiha. A ta tarayyar, fyaɗe na iya kai baligi ga ɗaurin rai da rai, kuma ba ya gaza shekara 12, in taron dangi ne shekara 20. Korar mata ko miji daga gida da ƙarfi laifi ne, haka ma watsar da iyali ba ci ba sha.

Amma inda zauren ya yi tsit shi ne da ta zo kan takardar kariya. Da yawa ba su taɓa jin cewa wadda ake duka za ta iya zuwa kotu a hana mai dukan kusantar gidanta ko wurin aikinta ba, ba sai an jira ya illata ta ba. Ɗan sanda, ma'aikacin lafiya ko malamin makaranta ma na iya nema a madadinta da izininta. Wata dattijuwa ta sa aka maimaita wannan, tana riƙe da wayarta tana ɗaukar muryar don 'yarta.

Daga nan 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya ta yi bayanin dokar 2017 da ta wajabta wa asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba nan take, ba sai da takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba. Wani direba ya miƙe ya ce ya taɓa wuce wani kwance cikin jini don tsoron kada a ɗora masa laifin. Aka karanta masa sashen da ya ce a mutunta wanda ya kawo taimako, kada a dame shi da tambayoyin wulaƙanci. Tun daga ranar wayar ƙungiya ba ta huta ba, kuma mun raka wasu mata har kotu.

Yanzu ga abin da bai kammalu ba, tunda na ji ana ta ƙorafi a dandalinmu na WhatsApp. Ɗan littafin da muka yi alkawarin fitarwa na bayanin waɗannan dokoki ya gama rubutuwa, lauya ta duba shi, yana nan a kwamfuta. Mai ɗab'i ba ya buga wa mutum bashi, asusu kuma babu komai. Takardar da muka shirya wa majalisar dokokin jiha, ta neman a ware kuɗin gidan fakewa da diyyar waɗanda aka zalunta a kasafi, an miƙa ta, amma bibiya na son zirga-zirga, kuma mutum ɗaya ba zai bar aikinsa kullum ya je ya zauna a bakin ofis ba. Kwamitin da aka naɗa don haka, in ban da Hajiya mataimakiyar shugaba, ban ga ƙeyar kowa ba.

Batun kuɗin wata kuwa, na gaji. Mafi yawanmu ba su biya na bana ba, wasu har da na bara. Ma'aji ya kira, na aika saƙo, wasu na bi su har wurin aiki. Kuɗin motar matan da muka raka kotu daga aljihun mutane ƙalilan ya fito. Akwai shari'ar da aka ɗage, matar ta rasa kuɗin komawa, mu ma ba mu da shi a ranar, wanda ake ƙara kuma yana nan yana yawonsa. Wannan ya tsaya mini a rai. Masu cewa ƙungiya ta yi sanyi, akasarinsu rabonsu da taro tun ranar zaɓe.

Shugabanni sun amince cewa a taro mai zuwa Ma'aji zai karanta sunan duk wanda ake bi bashi. Wanda yake cikin wani hali ya same shi a keɓe kafin ranar, za a duba masa. Kuɗin farko da ya shigo na buga littafin ne, kuma muna neman mutum biyu da za su karɓi bibiyar majalisa.

Wassalam,
Sakatare