Sanarwa: Finafinan da Gwanayen Kiɗa Suka Fito da Kansu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu neman tsofaffin finafinan Amurka da makaɗan gargajiyar Turai suka taka rawa a ciki, ku fara da They Shall Have Music na 1939. Jascha Heifetz, gwanin kaɗa gogen Turawa, shi ne ya fito a matsayin kansa, kuma kyamara tana matsowa har ka ga yatsun hagunsa suna gudu kan tsirkiyar gogen Turawa. Carnegie Hall na 1947 labarinsa bai taka kara ya karya ba, amma a ciki za ku ga Heifetz da gogensa, da kuma Arthur Rubinstein a kan fiyano.

Don Allah ku lura kafin ku turo mana kwafi. An ɗauki finafinan nan a hoto 24 cikin daƙiƙa, faifan DVD na Turai kuwa 25 yake juyawa, sai kiɗan ya ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin ɗari, sautin ya ɗan hau. Hoton asali kusan murabba'i ne, faɗi 1.37, tsayi 1; in kun ga fuskoki sun baje, an ja shi ne. Ku nemi wani.