Sanarwa Kan Haɗa Kuɗin Sayen Hatsi

Assalamu alaikum iyaye da ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya tashi, ƴan kasuwa kuma suka ɗora shi a kan kwanon masara da shinkafa. Kuɗin cefane tun tsakiyar wata yake ƙarewa. Wasu gidajen ma sun koma cin abinci sau biyu, kunya ce kawai ke hana su faɗa.

Shi ya sa muka ga gara mu rage awon kwano-kwano a bakin layi. Za mu haɗa kuɗi mu sayo buhunan masara, gero da wake a kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano yanzu da kaka ta yi, kafin masu ɓoye kaya su kwashe. Man girki, taliya da sukari kuma a kasuwar Singa. Kayan miya dai kowa ya ji da kansa, tumatir ba ya ajiyuwa.

Da kwano ɗaya za a auna wa kowa a bainar jama'a, kuɗin mota da na ƴan dako a raba daidai. Mai son wake ya tanadi jarka mai murfi saboda ƙwari.

Mai sha'awa ya turo sunansa da abin da yake so kafin Juma'a. Don Allah ban da bashi, kuɗi hannu ake ciniki a can.