A duba gona kafin a sayi tarakta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ja hankalin 'yan'uwana manoma kan wani abu da ke damuna: mutum yana samun hali sai ya nufi tarakta mafi girma, bai tsaya ya duba gonarsa ba.

Mai hekta 3 ko 4 a jigawa, tarakta mai ƙarfin doki 30 zuwa 35 ta ishe shi haro da jan tirela. Idan ya ɗauko mai 75, wahala ya sayo. A ƙaramar gona rabin aikin a juyawa yake tafiya, man dizal na ƙonewa a banza, nauyinta kuma yana danne ƙasa. Na sha tona bayan tayarta da fartanya bayan ruwan sama, in tarar ƙasar ta daskare kamar daɓe, saiwa ba ta iya ratsawa.

Mai laka ko fadama kuwa, lissafinsa daban ne. Garma mai faifai 3 tana son ƙarfi sosai, kuma gara a nemi tarakta wadda tayoyinta huɗu duka ke ja, in ba haka ba ta kafe a taɓo.

Shawarata, a fara lissafa kayan da za a ɗaura mata, a auna faɗin hanyar shiga gona, sannan a tambayi makanike ko ana samun kayan gyaranta kusa.

Naka,
Wani manomi